Littafin Sarauniya da Asalin Iyakar da Muke Ƙetarawa

 

Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, shugabannin rassa, dillalai da fatomai, masu motoci da direbobi, da ƙannenmu waɗanda suka shigo sana'a kwanan nan, muna yi muku barka da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Sauran shafukan wannan fitowa sun kawo lissafin asusu da rahoton rassa da ta'aziyyar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuwa waiwaye aka ɗora mana, wanda magabata suka ce adon tafiya ne. Za mu yi shi ta kan wani littafin ƙagaggen labari mai suna Sarraounia, wato Sarauniya, saboda ƙasar da labarin ya gudana a kanta ita ce wadda motocinmu ke takawa kowane mako. Shekarar da ya ɗauko kuma, 1899, tana tsakiyar shekarun da aka yanka iyakar da muke tsayawa bakinta da takardu a hannu.

Yaranmu da yawa sun buɗe ido sun tarar da shinge tsakanin Illela da Ƙonni, tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, tsakanin Kamba da Gaya, sai suka ɗauka haka ƙasar take tun fil azal, har wani yakan kira ɗan wancan gefe baƙo alhali kakansu ɗaya. Wannan shinge shekararsa 100 da 'yan kai. Hanyar da aka gindaya shi a kanta ta girme shi da ƙarnuka. Wanda ya san yadda aka yi aka dasa shi zai bi dokarsa da hankali kwance, kuma ba zai bari ya shiga tsakaninsa da abokin cinikinsa ba.

Marubucin da littafinsa

An haifi Abdoulaye Mamani a 1932 a Gudumariya, gabas da Damagaram. Ya yi gwagwarmaya cikin ƙungiyar ƙwadago, ya kuma shiga jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. Bayan an haramta jam'iyyar a 1959 ya yi gudun hijira na shekaru masu yawa, har ya zauna a Aljeriya, da ya komo gida kuma ya ɗanɗana kurkuku. A 1980 kamfanin L'Harmattan na birnin Paris ya buga masa wannan littafi da harshen Faransanci. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da shi fim. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu. Mamani ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota a hanyar Damagaram zuwa Yamai, hanyar da direbobinmu suka san kowane kwana nata. Allah ya jiƙansa.

Kafin wannan littafi, mutanen ƙasar Arewa, wato yankin Dogondutsi da Matankari, su ne suka fi sanin sunan Sarauniyar Lugu. Rahotannin sojan Faransa layuka kaɗan suka ba ta, ɗaya daga cikin hafsoshin ma tsohuwar matsafiya kawai ya kira ta a littafinsa. Alƙalamin Mamani ne ya fito da ita fili, har yau ga makarantar sakandare a Dosso da gidan rediyo da talabijin suna ɗauke da sunanta.

Abin da labarin ya ƙunsa

Igiya uku aka tufka labarin da su: ƙauna, buri, da karon al'adu.

Ta fuskar ƙauna, marubucin ya nuna Sarauniya marainiya ce wadda mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta. Wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbin baka da sanin itatuwan magani da sirrin daji, har ta girma ta riƙe Lugu. Ya ba ta zuciya irin ta kowace 'ya mace, ya sa so tsakaninta da jaruminta Baka, amma ta ƙi yarda da zaman da zai mai da ita ƙarƙashin ikon namiji. Kishi da girman kai suka shiga tsakani, sai da wuta ta tunkaro gari aka ajiye fushi gefe.

Ta fuskar buri, ga Kyaftin Voulet da abokinsa Kyaftin Chanoine, samari biyu masu neman suna da girma ko ta halin ƙaƙa. An aiko su da tutar ƙasarsu, amma kullum suka ƙara nisa da masu yi musu umarni, sai zuciya ta riƙa raya musu cewa ƙasar da suka ci tasu ce.

Karon al'adu kuwa ya fi gaban Bature da baƙar fata. Mamani ya kai mai karatu fadoji daban-daban, ya zaunar da shi ya ji ana shawara: a fadar Sakkwato, a fadar Sarkin Arewa, a wajen Abzinawa. Kowa ya ji labarin Nasara na tafe da wuta, amma tsohuwar gaba tsakanin musulmi da azna, da tsakanin wannan gari da wancan, ta hana a haɗa kai. Wani na ganin gara a sallama a tsira da jama'a, wani na ganin dama ce ta samu a rabu da tsohuwar abokiyar gaba. A gidan Sarkin Arewa ma uba da ɗa sun saɓa, har ɗan, mai suna Ɗan Zaki, ya ja nasa mutanen ya koma wajen Sarauniya. A ƙarshe an ƙone Lugu, amma ba a kama ta ba, kuma littafin ya rufe da ita tana karɓar 'yan gudun hijira masu harsuna da addinai daban-daban, tana kiran su zuwa zama tare.

A nan akwai jan kunne. Wannan ƙagaggen labari ne, an sa masa gishiri. A Lugu, Sarauniya sarauta ce da mata ke gada har yau, mai riƙe da ita tana zaune cikin killace, aikinta ya fi karkata ga al'adun gargajiya na azna. Wadda ke kai a 1899 ita ce Sarauniya Mangu. Maganganun da marubucin ya sa a bakin sarakuna nasa ne, don haka kada wani ɗan ƙungiya ya ɗauko su ya yi wa ɗan'uwansa na Sakkwato ko na Matankari gori a tasha. Tarihi muke nema a ciki, aƙida kuwa kowa ya san inda ake ɗaukar ta.

Abin da ya faru a zahiri

A 1898 gwamnatin Faransa ta shirya rundunoni uku su haɗu a Tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya ta ratso Sahara, ɗaya daga Kwango, ta uku daga yamma ta biyo kogin Kwara. Wannan ta ukun ita aka damƙa wa Voulet da Chanoine, waɗanda suka riga suka yi suna wajen cin Wagadugu a 1896. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi a 1898, don haka yaran suna jin suna da uwa a gindin murhu.

A watan Janairu na 1899 rundunar ta haɗu a Sansanin Hausa, a bakin kogi. Idan aka haɗa sojoji da 'yan dako da mata, bakin da ake ciyarwa ya kai wajen 2,000. Kowane madugu ya san ana auna ayari da rijiyoyin da ke gabansa da guzurin da ke bayan jakunansa. Madugu yakan aika jagaba ya nemi izini, ya kai gaisuwa fada, ya biya kuɗin fito, ya sayi hatsi da ciyawa a kan farashi, domin ya san baɗi ma ta nan zai biyo. Voulet bai yi niyyar dawowa ta hanyar da ya bi ba, saboda haka abin da ya ga dama ya ƙwata. A Sansanin Hausa kaɗai an kashe mutum 101. Ɗan dakon da ya gaza a kashe shi, ɗan jagoran da aka zarga da ɓad da hanya a rataye shi, garin da ya ɓoye hatsi a sa masa wuta, matan da aka kama a raba wa sojoji tamkar ganima.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 suka auka wa Lugu. Mutanen garin da waɗanda suka kawo musu gudunmawa suka tare su da baka da kibiya, suka ja da baya cikin sarƙaƙiya. A lissafin Faransawan da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, asarar da ba su saba gani ba a wannan tafiya. A watan Mayu suka isa Birnin Ƙonni, suka fasa ganuwa, suka yi kisan da har yau tsofaffin garin ke nuna wa yara wuraren da aka binne jama'a rami guda. Mu da ke sauke kaya a Ƙonni ya kamata mu riƙa tunawa da su cikin addu'a.

Abin mamaki, wasiƙar masoyi ce ta tona asirin. Wani Laftanar Peteau da Voulet ya kora daga rundunar ya rubuta wa budurwar da zai aura a Faransa abin da idonsa ya gani. Takardar ta bi hannu zuwa hannu har ta kai ga gwamnati. A watan Afrilu aka umarci Kanar Klobb ya bi sawunsu da 'yan sojoji kaɗan ya karɓe ragamar rundunar. Bai sha wuyar gane hanya ba, domin toka da gawawwaki ne alamarta. Ranar 14 ga Yuli 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, aka kashe shi. Daga nan ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga Faransanci, shi yanzu sarkin baƙar fata ne, zai kafa daularsa. Daular ba ta kwana uku ba. Sojojinsa 'yan Afirka suka juya, suka harbe Chanoine ranar 16 ga wata, suka harbe Voulet ranar 17. Kaburburansu na nan a Maijirgi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Mutuwarsu ba ta tsayar da cin ƙasar ba. Sauran hafsoshin suka wuce gaba, suka kara da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan Yuli, suka shiga birnin Zinder. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin nan uku suka haɗu suka yaƙi Rabe a Kusiri, a bakin kogin da ya raba Kamaru da Cadi a yau, aka kashe shi. Duk wanda ya taso da mota daga Dogondutsi ya bi ta Ƙonni da Tsibiri da Tasawa da Maijirgi da Tirmini har Damagaram, kusan sawun wannan runduna yake bi.

Rijiya da kifi

Me ya kawo Voulet Ƙonni tun farko? Amsar ita ce asalin iyakarmu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Cadi: arewa na Faransa, kudu na Ingila. Ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Paris, suka kafa tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A wannan zane Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk sun faɗa rabon Ingilishi, alhali a lokacin ko sojansu ɗaya bai taka Sakkwato ba. Sai a 1903 suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris.

Waɗanda suka yi zanen ba su tambayi madugu ko ɗaya ba. Da sun tambaya, da an gaya musu cewa hanyar da aka bar wa Faransa daga kogi zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Ƙishirwa da yunwa suna cikin abin da ya karkato da rundunar Voulet kudu, cikin garuruwa masu ruwa da rumbuna. Bayan an ci ƙasar ma matsalar ba ta kau ba, domin ayarin gwamnatin Faransa ya kasa kai kaya Zinder ba tare da ratsa rabon Ingila ba.

Saboda haka aka koma teburin ciniki. Ranar 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka yi babbar yarjejeniya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da take da shi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can gefen Kanada. A madadinsa Ingila ta ba ta wasu wurare a Afirka ta Yamma, ciki har da tura iyakar nan kudu don ta sami hanya mai ruwa. An ƙara gyara layin a 1906, sannan daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa ta dasa alamomi 148 daga Kwara har Tafkin Cadi, tsawon kimanin kilomita 1,500.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san musaya idan mun gan ta. Abin da ya sa ɗan Ƙonni ke lissafi da sefa, ɗan Illela da naira, ɗan wannan ya tafi lakwal ya koyi Faransanci, ɗan wancan ya tafi makarantar boko ya koyi Ingilishi, ciniki ne da aka ƙulla a Turai, rijiya a gefe guda, kifi a ɗaya gefen. Masu ƙasar ba a ba su ko la'ada ba.

Wanda littafin bai ba babban fili ba

Manyan 'yan wasan Mamani masu baka ne da masu bindiga da masu rawani. Bafatake ba ya cikinsu, ga shi kuwa a kan hanyarsa aka yi duk rigimar. Tun kafin 1899 ayarin kakanninmu na ɗaukar kanwa da turkuɗi da baƙin rini na Kano zuwa Gwanja su komo da goro. Abzinawa na sauko da gishirin Bilma da dabino su koma da gero. Fata da gashin jimina da hauren giwa na bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus. Ko a zamanin da Maraɗi da Tsibiri ke yaƙi da daular Sakkwato, fatake ba su daina ratsawa ba. Abin da ya riƙe wannan harka shi ne amana: baƙo ya sauka gidan fatomansa, a ajiye masa kaya, a nemo masa mai saye, a tsaya masa idan an ba da bashi, baɗi ya dawo ya tarar da kuɗinsa cif.

Mutum biyu sun ishe mu misalin yadda 'yan kasuwa suka yi da sabon zamani.

Na farko Malam Yaro, babban attajirin unguwar Zango a Damagaram, wanda harkarsa ta kai har Tarabulus. Da Faransawa suka shigo ya yi hulɗa da su, ya taimaka musu da kaya da bashi a lokacin da suke cikin buƙata. Wannan bai hana ba, a 1906 aka zarge shi tare da Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makircin tawaye, aka kore su zuwa Kodebuwa. Dukiyar da ta jingina da inuwar mai mulki ɗaya, ranar da inuwar ta gusa rana ce za ta dake ta.

Na biyu Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa. Ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja da Kumasi, ya lura jirgin ruwa daga gaɓar teku zuwa Ikko ya fi jaki sauri, ya bi wannan hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya juya can da wakilansa da amanar da ya riga ya gina a fatauci. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Jirgin ƙasan nan shi ne ya karya ayarin Tarabulus, shi ne kuma ya jawo gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa sauka Kano, har zuwa shekarun 1950 da Faransawa suka shirya karkatar da ita ta Paraku da Kwatano. Hanya takan mutu, wata ta buɗe. Wanda ya tsira shi ne mai mutane a kowane gefe.

Talakawa ma sun koyi amfani da layin. Lokacin da haraji da aikin tilas suka tsananta a gefen Faransa, gidaje da ƙauyuka sun tashi sun koma gefen Ingilishi wajen danginsu, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba wanda ya tambayi mai neman abinci takardarsa. Harshenmu na kasuwa ma ya ajiye shaida: dala da muke kiran sefa 5 sunan tsohon kuɗin azurfa ne da ya yi yawo a hannun fatake kafin zuwan faran, jika kuwa a gefen Nijar dala 200 ce, a gefen Nijeriya jaka naira 200 ce. Kuɗi biyu, ƙidaya ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

A zamaninmu an rufe wannan iyaka ba sau ɗaya ba. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin fari, har mutanen gefen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban da ya rufe ta. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. Tsakanin haka an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, naira kuma ta yi ta hawa da sauka. Duk mun ga albasar Galmi ta ruɓe a cikin mota, mun ga dabbobi sun rame a bakin shinge, mun ga hatsin da aka saya a Dawanau ya kwana watanni bai isa inda aka nufa ba. Ba mu ne ke rufewa ba, ba mu ne ke buɗewa ba, kamar yadda ba a shawarci kakanninmu a 1898 ko 1904 ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu riƙe juna idan an rufe.

A nan littafin Mamani ya fi yi mana amfani. Fadojin da ya zana kowace ta tsaya tana lissafin tsohuwar gaba har wuta ta iso ƙofarta, ga shi kuwa an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka muna roƙon taron wannan shekara ya duba abu uku.

Na ɗaya, bashin da ke tsakanin ɗan ƙungiya da abokin cinikinsa na wancan gefe kada rufe iyaka ko faɗuwar kuɗi su zama hujjar cinye shi. A rubuta tun ranar ciniki da wane kuɗi za a biya, a sa shaidu daga rassan biyu, idan an sami saɓani a kawo gaban dattawan ƙungiya kafin a kai ko'ina. Ranar da fatoma ya fara tsoron baƙonsa, ranar sana'ar nan ta mutu ko da shinge a buɗe yake.

Na biyu, mu riƙe takardunmu cikakku, mu biya abin da doka ta ɗora a duwan da kwastan, mu karɓi rasit, kuma ƙungiya ta yi magana da hukumomin kowace ƙasa da murya ɗaya ba tare da ta zama 'yar amshin shatan wani ɓangaren siyasa ba. Labarin Malam Yaro ya ishe mu wa'azi.

Na uku, kowane reshe ya zaɓi matasa biyu su zauna da tsofaffinmu da waya a hannu, su ɗauki muryarsu: wace hanya aka bi da jakuna, a wane zango aka kwana, wa ya sauki wa a Kumasi ko Garwa ko Fort-Lamy, wane gida ne ya riƙe amanar wane gida shekara da shekaru. Mamani ya ɗauki 'yan layuka da abin da ya ji a bakin mutane ya fitar da Sarauniya duniya ta san ta. Madugai da fatomai da iyayenmu mata masu fataucin ƙwarya da daddawa da atamfa har yanzu suna jiran mai rubuta nasu, kuma kowace shekara shafin ta'aziyya na wannan mujalla yana ƙara tsawo. Wanda ya iya Faransanci cikin 'ya'yanmu ya nemi littafin ya karanta wa iyayensa da Hausa, wanda ya sami fim ɗin ya kalla da iyalinsa, sannan a tambayi kaka abin da ta ji daga nata kakannin.

Zumunta a ƙafa take, mu kuwa Allah ya sa abincinmu a ƙafa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a Sansanin Hausa da Lugu da Ƙonni da Tirmini da sauran garuruwan da wutar 1899 ta bi ta kansu. Allah ya gafarta wa waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da adalci, ya kiyaye direbobinmu a hanya, ya sa albarka a cikin cinikinmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah ya maimaita mana. Amin.